Doki, Mahayi da Linzami: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Sarrafa Fushi da Tsoro

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, akwai wata tambaya da kowa ya taɓa yi wa kansa, ko da yake ba kowa ya ɗauke ta tambayar ilmi ba. Me ya sa za a gaya wa mutum biyu baƙar magana iri ɗaya a wuri ɗaya, ɗaya ya yi murmushi ya wuce, ɗayan kuwa ya tuɓe riga ya ce yau sai an yi ta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce hali, kuma hali zanen dutse ne. Wannan mai zuciya ne, wancan mai haƙuri ne, shi ke nan. To, amma ina halin nan yake zaune a jikin mutum? Kuma da gaske ne ba ya kankaruwa?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ba makarantar da ba ta san labarin ɗalibi mai ƙwazo wanda faɗan minti ɗaya ya jawo masa kora ana gab da jarrabawar fita ba. Ba unguwar da ba ta san zumuncin da kalma ɗaya ta tsinka ba. Saboda haka a wannan maƙala zan yi ƙoƙarin kawo abin da masana suka gano game da yadda sassan ƙwaƙwalwa ke magana da juna, da yadda wannan magana tasu ta shafi iya riƙe fushi da tsoro, da kuma darasin da ke ciki gare mu da iyayenmu.

Zuciya ko ƙwaƙwalwa?

Mu Hausawa kusan kome na jin daɗi da ɓacin rai a kan zuciya muka ɗora shi. Mukan ce wane ya yi zuciya, zuciyata ta ɓaci, ya danne zuciyarsa, zuciyarta ta yi sanyi. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, in za su adana gawar babban mutum, sukan bar zuciya a cikin ƙirji, ƙwaƙwalwa kuwa su zaƙulo ta ta hanci su zubar. Shi kansa Aristotal, babban malamin nan na ƙasar Girka, cewa ya yi da zuciya ake tunani, aikin ƙwaƙwalwa kawai ta sanyaya jini.

Mutanen da suna da hujjarsu, domin in rai ya ɓaci a ƙirji ake jin bugun. Amma yanzu an tabbatar cewa zuciya umarni take karɓa. Mai ba da umarnin yana sama, cikin ƙoƙon kai.

Garin da ke cikin kai

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A shekarar 2009 wasu masana a ƙasar Birazil suka ƙirga ƙwayoyin jijiya da ke cikinta, suka sami wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana da zare mai kama da wayar lantarki wanda take aika saƙo da shi zuwa ga 'yan'uwanta.

Duk wanda ya taɓa duba ƙwaƙwalwar rago bayan an fasa kai, ya ga bayanta yana da ruwan toka, cikinta kuma fari ne. Haka ta mutum take. A sashen nan mai ruwan toka ƙwayoyin ke zaune, kamar gidaje a cikin gari. Farin sashen kuwa zaruruwan ne suka taru dami dami, su ne hanyoyin da suka haɗa unguwa da unguwa. Abin da ya sa suka yi fari shi ne wani kitse da ake kira mayalin, wanda ya lulluɓe su kamar yadda roba ke lulluɓe waya. A zaren da ba shi da wannan lulluɓi, saƙo yakan yi tafiyar kamar mita ɗaya a sakan ɗaya. A babban zare mai lulluɓi kuwa yakan kai mita 100. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu sake komowa kansa.

Cikin unguwannin nan, biyu ne suka fi shafar zancenmu. Domin sauƙin fahimta bari mu kamanta ɗaya da doki, ɗaya da mahayi, hanyar da ta haɗa su kuwa mu kira ta linzami.

Doki

Can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wasu 'yan dunƙule guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, girman kowanne kamar ƙwallon dabino. Sunansu amigdala. Aikin amigdala shi ne lura da duk abin da ya shafi mutum, musamman abin da zai cuce shi, kamar motsi a cikin duhu, ko ƙara ba zato, ko fuskar da aka murtuke. Kamar doki take, mai saurin razana da saurin zabura.

Wani masani a Jami'ar Niyok mai suna Joseph LeDoux ya yi shekaru yana bincike a kan ɓeraye tun daga wajen 1980. Ya gano cewa saƙon ƙara yakan isa amigdala ta hanya biyu. Akwai gajeriyar hanya mai sauri wadda ba ta tsayawa tantancewa, akwai kuma doguwa wadda ke bi ta sashen da ke bincika abu filla-filla. Shi ya sa in kana tafe da dare ka ga igiya a ƙasa, sai ka yi tsalle tukuna kafin ka gane igiya ce. Amigdala kuma ba ta da saurin mantuwa. Ashe ba banza ba Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da zarar ta zabura, sai saƙo ya sauka zuwa wasu 'yan halittu da ke bisa ƙoda, su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Jiki ya shirya faɗa ko gudu ke nan.

Kada wani ya ce to, da babu wannan doki ai da an huta. Akwai wata mata a Amurka wadda wata cuta da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala duka biyu. Masana sun ɓoye sunanta, suna kiranta da haruffan S.M. A wani bincike da masanan Jami'ar Iowa suka buga a 2011, sun kai ta kantin da ake sayar da macizai da gizo-gizo, sai ta ɗauki maciji tana shafawa, har tana neman taɓa masu dafi. Wannan rashin tsoro bai zame mata alheri ba. An taɓa ɗora mata wuƙa a wuya a wani filin shaƙatawa da dare, kashegari kuma ta sake bi ta wurin. Tsoro mai tsaron rai ne, haka nan fushi shi ke hana a taka mutum. Ba a son a kashe dokin, ana so ne a iya hawansa.

Mahayi

Mahayin yana zaune a bayan goshi. Wannan sashe na gaba, wanda za mu kira goshin ƙwaƙwalwa, shi ke auna magana kafin a faɗe ta, shi ke tuna abin da zai biyo baya, shi ke cewa dakata. Labarin da ya fara jawo hankalin likitoci kansa ya faru ne ran 13 ga Satumba, 1848, kusa da garin Cavendish a Jihar Vermont ta Amurka.

Wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Phineas Gage shi ne shugaban wasu leburori masu fasa duwatsu domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Yana cikin danna albarushi a ramin dutse da wata sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo 6, sai albarushin ya tashi. Sandar ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fasa tsakar kai ta fita, ta faɗi can nesa. Abin mamaki bai mutu ba. Cikin 'yan mintoci ya yi magana, aka ɗora shi a keken shanu aka kai shi masauki.

Likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya ba da rahoto a 1868 cewa raunin ya warke, amma mutumin ya sake. Kafin haɗarin an san shi da natsuwa da iya aiki. Bayan haɗarin sai ya zama mai ashar, marar haƙuri, wanda ba ya jin shawara in ta saɓa wa son ransa, har masu kamfanin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. Abokansa suka ce wannan ba shi ne mutumin da suka sani ba.

Sau da yawa a nan ake tsayar da labarin, amma yana da saura. Gage ya rayu kusan shekara 12 bayan haɗarin, ya rasu a 1860. Cikin shekarun nan ya yi wajen bakwai a ƙasar Chile yana kiwon dawaki, yana kuma tuƙa keken fasinja mai dawaki shida a doguwar hanya. Aikin da ke bukatar sammako, da riƙon amana, da iya zama da fasinjoji, ba na marar natsuwa ba ne. Wannan ya sa masu nazarin tarihinsa suke ganin ya sami sauƙi ƙwarai daga baya. Har yau ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitoci ta Jami'ar Harvard.

Linzami

A 2012 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka yi amfani da hotunan ƙoƙon kan Gage da kwamfuta domin su ƙiyasta ɓarnar da sandar ta yi. Suka ga sashe mai ruwan toka da ta lalata kamar kashi 4 ne cikin 100, amma fararen hanyoyin da ta shafa sun kai wajen kashi 11. Watau gidajen da suka rushe kaɗan ne, hanyoyin da suka yanke su ne da yawa. Mahayi yana iya zama gwani, doki kuma lafiyayye, amma in linzami ya tsinke gwaninta ba ta da amfani.

Ta yaya ake ganin linzamin mutumin da yake raye? Da na'urar ɗaukar hoto da ake kira MRI. A 1990 wani masani ɗan ƙasar Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar tana iya bambanta jinin da ke ɗauke da iskar shaƙa mai yawa da wanda ya rage. Da yake sashen da ke aiki ya fi jawo jini, sai aka sami hanyar ganin inda aiki ke gudana a lokacin da mutum ke tunani. In aka ga sassa biyu suna tashi da sauka bisa tsari ɗaya, sai a ce suna magana da juna. Akwai kuma wata dabara ta bin sawun ruwan da ke cikin zaruruwa, wadda ke nuna ingancin hanyar kanta.

A 2002 Kevin Ochsner da James Gross da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford suka sa mutane cikin na'urar, suna nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Wani lokaci a ce su kalla kawai, wani lokaci a ce su sake wa hoton fassara. Alal misali, mata suna kuka a ƙofar coci, maimakon a ɗauka jana'iza ce, sai a ɗauka kukan murnar ɗaurin aure ne. Sa'ad da suka sake fassara, sai goshin ƙwaƙwalwa ya ƙara aiki, amigdala ta lafa, su kuma suka ce ɓacin ran ya ragu. An ga mahayi yana jan linzami ke nan.

A 2009 kuma wasu masana a Kwalejin Dartmouth suka auna farar hanyar da ta haɗa amigdala da goshi. Suka ga mutanen da hanyarsu ta fi inganci, galibi sun fi ƙarancin fargaba a zamansu na yau da kullum. A lura kuma hanyar nan zuwa da komowa ce. Kamar yadda mahayi ke jin motsin doki a hannunsa, haka goshi ke sauraron amigdala kafin ya yanke shawara.

Me ya sa abin ya fi wuya ga matasa?

Nan ne zancen ya zo kanmu, 'yan'uwana. Daga binciken da Jay Giedd da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1999, inda suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara suna maimaitawa yayin da suke girma, an ga farin sashe yana ci gaba da ƙaruwa duk tsawon ƙuruciya. Binciken da ya biyo baya ya nuna goshi yana cikin sassan da ke nuna daga ƙarshe, kuma hanyoyin da suka haɗa shi da sauran sassa ba su gama ƙwari sai bayan an wuce shekara 20. Ka tuna bambancin zare mai lulluɓi da marar lulluɓi? To, a shekarunmu ana cikin aikin lulluɓin ne. Doki ya riga ya ƙosa, linzami kuwa yana hannun baduku.

Wani bincike na 2013 da Dylan Gee da Nim Tottenham suka jagoranta a kan masu shekara 4 zuwa 22 ya ƙara haske. A ƙananan yara, in an nuna musu fuskar mai jin tsoro, amigdala da goshi tare suke tashi. Daga wajen shekara 10 sai tsarin ya juya ya fara kama da na manya, watau in goshi ya tashi amigdala ta sauka.

Akwai kuma sha'anin 'yan kallo. A 2011 masanan Jami'ar Temple da ke Philadelphia suka ba matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi ya tsaya ko ya wuce in fitilar kan titi ta nuna ruwan ɗorawa. Sa'ad da matasan ke su kaɗai, tuƙinsu bai bambanta da na manya sosai ba. Amma da aka ce abokansu biyu suna kallo daga ɗakin da ke kusa, sai ganganci ya ƙaru, sashen ƙwaƙwalwa mai kwaɗayin lada kuma ya ƙara tashi. Manya kuwa kallon bai sake su ba. Duk wanda ya san yadda faɗa ke tashi a filin ƙwallo ko a layin abinci zai gane wannan. Da yawa daga cikin faɗace-faɗacen makaranta, da ba a yi da'ira ana ihu ba, da ba a kai ga naushi ba.

Haɗiyewa da sake kallo

Hanya biyu aka fi bi in rai ya ɓaci. Ta farko a haɗiye, a daure fuska kada kowa ya gane. Ta biyu a sake duban abin da ya faru ta wata fuska. A 1998 James Gross ya nuna wa mutum 120 fim ɗin yadda likitoci ke yanke hannu. Ya ce wa wasu su kalla kawai, wasu su ɓoye abin da suke ji, wasu kuma su kalla da idon mai nazari, ba tare da sa abin a rai ba. Waɗanda suka ɓoye, fuskarsu ta yi shiru, amma ƙyamar ba ta ragu ba, jikinsu ma ya fi na sauran tashi. Waɗanda suka sake kallo kuwa, ƙyamar kanta ce ta ragu. Wani bincike na shekarar 2000 ya ƙara nuna cewa mai fama da ɓoye abin da yake ji ba ya riƙe abin da ya gani ko ya ji sosai, domin hankalinsa ya tafi wajen tsaron fuska. Ɗalibin da ya shiga aji yana cika yana batsewa a ɓoye, da wuya darasin ranar ya zauna masa.

To, ina matsayin kawaici da kara da aka yi mana tarbiyya a kansu? Wani bincike na 2011 ya kwatanta ɗalibai Turawan Amurka da ɗalibai Sinawa na Hong Kong. A wajen na farko, yawan ɓoye abin da ke rai yana tafiya tare da baƙin ciki da rashin jin daɗin rayuwa. A wajen na biyu, inda kamun kai abin yabo ne, ba a ga haka ba. Wannan ya nuna al'ada tana da tata rawar. A ganina kawaici yana da babban amfani, domin yana hana baki yanka wuya, yana kuma ba mahayi lokacin gyara zama. Amma haƙurin da Hausawa suka kira maganin zaman duniya ya wuce rufe baki. Mai haƙuri na gaske shi ne wanda bayan ya yi shiru ya ce a ransa, wataƙila wane bai gan ni ba ne, ko kuwa yau da abin da ke damunsa. Wanda ya rufe baki kawai yana ƙullatar abu, tukunya ce aka danne murfinta wuta na ci.

Abubuwan da ke sassauta linzami

Na farko rashin barci. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa suka raba matasa 26 gida biyu. Rabi suka yi barcinsu, rabi aka hana su barci wajen awa 35, sa'an nan aka nuna wa duka hotuna masu tayar da hankali. Amigdalar waɗanda ba su yi barci ba ta fi ta sauran zabura da kashi 60 cikin 100, kuma maganar da ke tsakaninta da goshi ta yi rauni. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 ya sami barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Mai kwana yana latsa waya, da mai kwana karatu daren jarrabawa, duk su yi wa kansu lissafi.

Na biyu kayan maye. Giya tana raunana aikin goshi, shi ya sa mashayi ke faɗin abin da ba zai faɗa ba in yana cikin hankalinsa. Ƙwayoyi da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, suna shiga ƙwaƙwalwa ne tana tsakiyar gini. An kuma tabbatar cewa wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin kasa dainawa.

Na uku shi ne abin da wasu ke kira huce haushi. A 2002 Brad Bushman ya fusata ɗalibai wajen 600 ta hanyar kushe rubutunsu. Wasu aka ba su buhun dambe su yi ta duka suna tuna wanda ya kushe su, wasu aka ce su zauna shiru na minti biyu. Masu dukan buhu suka fi kowa fushi daga baya, masu zama shiru suka fi kowa hucewa. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154 da aka yi a kan mutum fiye da dubu 10, suka ga abubuwan da ke kwantar da jiki su ne ke rage fushi. Dokin da ya zabura ba a ƙara masa ƙaimi.

Abubuwan da ke ƙarfafa shi

Hanyoyin ƙwaƙwalwa kamar turbar gona suke, wadda aka fi bi ita ta fi fitowa. Ga abubuwa huɗu da kowannenmu zai iya gwadawa.

Na ɗaya, ka ba abin suna. A 2007 Matthew Lieberman ya nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro. Sa'ad da suka zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, amigdala ta lafa, wani ɓangare na goshi ya tashi. Saboda haka ka ce a ranka, fushi nake ji, ko kunya ce ta kama ni. Sau da yawa abin da muke kira fushi kunya ce ta sa rigar fushi.

Na biyu, ka ja numfashi a hankali, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya wadda ke rage bugunta, kuma ta fi aiki a lokacin fitar da numfashi.

Na uku, ka bar wurin, musamman in akwai 'yan kallo. Magana zarar bunu ce. Amsar da za ka bayar gobe tana nan ba ta gudu, wadda ka bayar yau kuwa ba ta komowa.

Na huɗu, ka nemi wata fassarar. Malamin da ya cika maka littafi da jan biro, mai yiwuwa shi ne ya fi kowa karanta aikinka.

Ga iyayenmu

A 2014 Gee da Tottenham suka sake wani gwaji. Suka nuna wa yara hoton mahaifiyarsu da hoton wata baƙuwa. A yara masu shekara 4 zuwa 10, ganin hoton uwa ya kwantar da amigdala, ya kuma sa maganarta da goshi ta yi kama da ta manya. A masu shekara 11 zuwa 17 ba a ga wannan bambanci ba. Watau ƙaramin yaro linzamin iyayensa yake ara kafin nasa ya yi ƙwari, matashi kuwa ya fara riƙe nasa da hannun da bai gama ƙwarewa ba.

Ba muna neman a daina yi mana faɗa ba ne, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Roƙonmu shi ne a dubi lokaci. Yaron da idonsa ya rufe ba ya jin nasiha, in kuma babba ya ɗaga murya a lokacin, dawaki biyu ne suka zabura ba mahayi ko ɗaya. In an bari ƙura ta lafa, aka kira shi gefe ba a gaban ƙannensa ba, aka tambaye shi abin da ya faru kafin a yanke hukunci, to an yi magana da mahayin ke nan. Haka kuma yadda uba da uwa ke riƙe nasu fushin a cikin gida, darasi ne da yara ke ɗauka kullum ba allo ba alli.

Kammalawa

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, sakamakon binciken da na kawo na jimlar mutane ne. Wani babban nazari na 2022 ya nuna sai an auna dubban mutane kafin a dogara da dangantakar hoton ƙwaƙwalwa da hali. Saboda haka ba wanda zai ɗauki hoton kan mutum ɗaya ya ce ga mai haƙuri ko ga mafaɗaci. Na biyu, in tsoro ko baƙin ciki ko fushi ya zauna wa mutum makonni, ya hana shi barci da abinci da karatu, abin ya wuce a ce masa ya yi haƙuri. Ciwo ne kamar sauran, kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana da kada wani ya fake da cewa ƙwaƙwalwata ba ta gama nuna ba. Wanda ya san linzaminsa sabo ne, shi ya fi cancanta ya guji sukuwa a cikin kasuwa. Kada kuma wani ya yanke ƙauna ya ce haka aka halicce ni. Mutumin da sandar ƙarfe ta ratsa kansa ma ya koma ya riƙe dawaki shida. Shekarun da muke ciki su ne ake ɗinkin linzamin da za mu riƙe har tsufa, kuma duk ranar da ɗayanmu ya ji jininsa ya tafasa ya tsaya ya ja numfashi, ya ƙara masa zare ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.